Tawadar Mainasara

Shagari, ranar Laraba

Zuwa ga ta Bodinga,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Jamilu da 'yar jikata Hafsat. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya sa inda ya je ya fi masa nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannuna. Kin san yadda muke da ke a waya. Ki ce, "Inna, kin tashi lafiya?" in ce, "Lafiya lau," sai mu yi shiru har kati ya ƙare. Ke ce ta fari, bakina bai saba da ke ba. Kuma tun rasuwar nan, da na buɗe baki sai maƙogwaro ya toshe. Hannu shi ba ya toshewa. Rubutun nawa na wadda ta tsaya a firamare ne, ki karanta da haƙuri.

Altine mai nono ta dawo daga kasuwarku, ko ƙwaryarta ba ta sauke ba ta shigo mini. Ta ce, "Zuwaira, shagon mijinki ya koma kamar ɗakin asibiti. Bango fes, ba takarda ko ɗaya." Ta ce ƙusoshin nan da yake soke takardu a jikinsu duk an cire su. Ta ce ta ga buhu biyu na takardun a bayan ƙofa, ke kuma kina zaune a kan kujerarsa kina ta latsa waya, manoma suna tsaye suna kallon ki.

Ban ce kin yi laifi ba. Shagon iri ba ya jiran mai takaba, kuma ke ya koya wa aikin, ba ni ba. Amma tun da ta faɗa mini abinci bai wuce mini da daɗi ba. Ni ga ni a ɗaki, ko zaure ba na leƙawa sai na fita takaba. Da ina da halin fita da yanzu ina bakin shagon nan.

Abu ɗaya nake roƙo. Takardun nan kada a yi musu komai sai na fito. Ba na son sanin wa ya sayi me. Hannunsa kawai nake so in gani, in taɓa. A gidan nan bai bar rubutu ba, duk can yake yin sa. Rigunansa suna nan, takalmansa suna nan, amma riga ba ta magana.

In kin lura da baƙin wannan rubutun za ki gane shi. Tawadarsa ce. Na cika masa kurtu ana gobe ciwon zai kwantar da shi, bai samu tafiya da shi ba. Alƙalaminsa na gamba ma shi ne a hannuna, yana ta karce takardar, bai san ni ba.

Altine za ta kawo mini amsa in kin ba ta. Ki shafa mini kan Hafsat.

Allah ya bar mu da imani.

Ni ce,
Zuwaira

Bodinga, ranar kasuwa

Inna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na durƙusa na gaishe ki. Ya jiki, ya zaman ɗaki, ya haƙuri? Jamilu yana gaishe ki ƙwarai, Hafsat kuma ta ce a gaya wa Kaka ta yi sabon haƙori.

"Ta Bodinga" ta karɓi saƙo. Jamilu ya leƙa ya ga kan takardar, ya ce kamar an aiko wa akuyar da aka bayar kiwo. Na yi dariya, sai kuma na ji warin tawadar, dariyar ta tsaya.

Inna, Altine tana ƙara gishiri, amma ba ƙarya ta yi ba. Bari in gaya miki dalili. Kin san yadda Baba yake aiki. Duk wanda ya sayi iri sai ya rubuta masa takarda biyu da ajami: sunansa, ƙauyensu, wane iri ya ɗauka, da lokacin da ya kamata ya zuba. Ɗaya ya ba shi, ɗaya ya soke a ƙusa. In ƙusa ta cika ya ɗaure da zare. Shi ya san inda kowane ɗauri yake, ni ban sani ba. Mutum zai zo daga Lambara ya ce, "A ba ni irin albasar da Malam ya ba ni bara waccan," in kwance wannan in kwance wancan, har azahar ban gano ba, shi kuma ya gaji ya tafi wani shagon.

Shi ya sa na zauna na ɗauki hoton kowace takarda, na shigar da sunaye cikin wata manhaja da Jamilu ya sa mini a waya. Yanzu mutum ya faɗi sunansa, kafin ya gama gyara hula na ga duk abin da ya taɓa saye. Tana gaya mini wane iri ya kusa ƙarewa. Rasit kuma ta waya nake tura wa mutum. Ko wayar ta faɗa rijiya abin yana nan a ajiye, sai in buɗe shi a wata.

Sannan ga gara. Ta bangon baya ta shigo, ta bi takardun tana ci, ta doshi inda irin albasa yake. Ga lokacin rainon albasa ya matso. In ta shiga irin nan, Inna, shagon ya tashi.

Ba kowa ya ji daɗin canjin ba. Baba Ummaru na Danchadi ya zo, na auna masa, ya tsaya yana jira. Ya ce, "Ke ɗiyar Mainasara, ina takardata?" Na ce, "Baba, ta shiga wayarka." Ya zaro 'yar wayarsa ya juya ta gaba da baya, ya girgiza ta a kunne. Ya ce, "Wagga? Wagga da ko kira sai na hau tudu? To ina albarkar?" Na ce wace albarka. Ya ce, "Ubanki ba ya sallamar mutum sai ya rubuta mai Allah ya sa albarka a ƙasa. Ke kin miƙo mani iri tsirara." Ya ajiye irin ya fita, ya ce zai yi shawara.

Batun takardun kuwa, na san ba abin zubarwa ba ne. Kowace da Bismillah a kanta, ba a ba mai ƙosai, ba a kai su juji. Buhun yana nan a ɗaure, na ɗora shi a kan benci nesa da bango.

Ki ci abinci don Allah. Na ba Altine dabino da man shanu.

'Yarki mai biyayya,
Bahijja

Shagari, ranar Asabar

Zuwa ga ta Bodinga,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, dabino da man shanu, Allah ya yi albarka. Ki ce wa mijinki na ji maganar akuya, zan rama in na fito.

Na karanta takardarki sau da yawa. Na gane abin da kika ce game da gara, kuma ba na ja da ke. Wannan abin na waya ban san shi ba, amma in yana hana manomi tsayuwa har azahar, to abu ne mai kyau. Malam ma ba ya son a tsayar da mutum.

Sai dai akwai abin da ba ki sani ba, domin a hannun goggonki kika tashi, kuma ko da kika dawo ba zama muke yi da ke ba. Tawadar nan da yake rubutu da ita, tun ranar da ya buɗe shagon, ni nake yi masa. Bai taɓa sayen ta ba, biro kuwa ko kyauta aka ba shi sai ya ba yara. Duk Alhamis da hantsi nake zama. In ƙona itacen aduwa ya zama gawayi, in daka, in tankaɗe, in jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi, in haɗa, in tace da tsumma mai tsabta. In ya dawo sai ya tsoma alƙalami ya ɗiga a farcen babban yatsansa, ya karkata shi ga haske. In ta yi ya ce, "Ta yi." In ba ta yi ba ya ce, "Zuwaira, yau an yi rowar ƙaro." Iyakar yabon ke nan, kuma ya ishe ni.

Kullum da baƙi a yatsa yake dawowa, da baƙi a gefen aljihu. Na sha yi masa mita a kan wanki. Yanzu ga rigunan nan fes a cikin akwati, ba mai ɓata su.

Alhamis ɗin da ta wuce ban ankara ba sai ga ni a tsakar gida na daka gawayi har na tankaɗe. Sai da na miƙa hannu ga ƙaro na tuna. Na daɗe a zaune da rariya a cinya. Daga baya na kai gawayin gindin dogonyaro na zuba. Ba zan sake haɗa wata ba, wa zan haɗa wa? Shi ya tafi, shagon kuma ya daina shan tawada.

To kin ga, abin da ke cikin takardun nan rabi hannunsa ne, rabi nawa. Ban taɓa zama a shagon nan ba ko sau ɗaya, amma kullum ina can. Ni da shi ba mu da hoto tare. Wannan ne hotonmu.

Ummaru na Danchadi yana da gaskiya, kada ki ji haushinsa. Tsoho ne, kuma shi ma rashi ya yi.

Yanzu ga tambaya, kuma ki ba ni amsa a miƙe. Altine ta ce mini buhu biyu ta gani. Ke kin rubuta "buhun". Na sa ƙaninki ya karanta mini wurin ko idona ne, ya ce haka yake. Ina ɗayan?

Allah ya tsare ku.

Ni ce,
Zuwaira

Bodinga, ranar Litinin

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kaina a ƙasa.

Na ƙona shi.

Bayan Altine ta gani, kafin takardarki ta farko ta iso, a tsakanin nan ne. Buhun da ya fi kusa da bango ne, na shekarun farko. Da na ɗaga shi gindinsa ya zube, gara ta watsu a ƙasa, guntayen takardu da sunan Allah suna bin ƙafafun mutane. Na tsorata. Jamilu ya haƙa rami a bayan shago, na yi alwala, muka ƙona, muka rufe tokar da ƙasa mai tsabta. Duk wadda take karantuwa na riga na ɗauki hotonta. A ganina na girmama su ne.

Da takardarki ta zo na rasa yadda zan yi. Na ce bari in rubuta "buhun", ƙila ba za ki lura ba. Na manta 'yar wa nake. Da na san ke kike yin tawadar, wallahi da hannu zan tsince garar ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka a kasuwa yake saye. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Kada ki zaci ni ban ji komai ba ranar. Ina tsaye hayaƙi yana shiga idona, ina ta jiran in ji ya ɗaga murya daga cikin shago. Kin san Baba bai taɓa yi mini kunyar 'yar fari ba. A gaban manoma zai ce, "Bahijja, miƙo gwangwani!" Tsofaffi su ce, "Kai Mainasara, ba ka da ta ido, ɗiyar fari ka kira gatsal?" Ya ce, "Ni na raɗa mata sunan, don mi zan ɓoye?" Tun da ya rasu ban ƙara jin sunan nan yadda ya kamata ba. Jamilu Maman Hafsat yake cewa. Manoma, ɗiyar Mainasara. Ke kuma, ta Bodinga. Ba ƙorafi nake yi ba, Inna, na san haka aka tarar. Kawai wani lokaci nakan juya a shagon kamar an kira ni, sai in ga ba kowa.

Akwai kuma abin da dole in faɗa. Buhu na biyun ma ba lafiya yake ba. Na ga ƙasar gara a ƙafar bencin, na kwance bakin buhun na tarar ta riga ta shiga tun kafin in ɗaure. Na shanya, na kakkaɓe, amma ruwan sama ba ya barin rana ta yi aikinta. Ba zai kai fitarki takaba ba. In na kawo miki shi haka kuma, gidanmu na ƙasa ne, na kawo wa azara da rufin ɗaki ciwo. Ban ƙona shi ba, kuma ba zan yi masa komai ba sai da izininki.

Ga tsohuwar wayar Jamilu na ba Altine. Na zuba miki hotunan duka, har da na buhun da ya tafi. Na san ba ɗaya ba ne.

Ki yafe mini.

'Yarki,
Bahijja

Bodinga, bayan sallar Juma'a

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga baiwar Allah Malama Zuwaira, iyalin ɗan'uwana kuma abokin karatuna, marigayi Malam Mainasara, Allah ya haskaka makwancinsa.

Bayan sallama irin ta Musulunci da ta'aziyya sabuwa, ni ne Ashiru, mai makarantar allo ta bayan kasuwar Bodinga. Ina neman afuwa da na shiga abin da ba a kira ni ba.

Ɗiyarku Bahijja ta zo wurina tana kuka. Ta ce kasuwa ta ci ta sake ci ba ta samu amsa daga gare ki ba, kuma ta tambaye ni ko ta yi zunubi da ta ƙona takardun. Na gaya mata ba ta yi ba. Abin da muka karanta a wurin malamanmu shi ne, takarda mai sunan Allah in aka ji tsoron wulaƙantarta, ana iya ƙona ta, ana iya binne ta a wuri mai tsarki, ana kuma iya wanke rubutun a zuba ruwan inda ba a takawa. Yarinyar nan ta yi da alwala, ta yi da ladabi. Ba ta saɓa wa Allah ba. Zuciyarki ce ta taɓa, wannan kuwa tsakaninku ne.

Amma akwai wata magana da marigayi ya taɓa yi mini, na ga amana ce in isar. Wata rana ina zaune a shagonsa ina yi masa tsiya, na ce, "Mainasara, duniya ta koma biro, kai kana nan da kurtu kamar alƙalin zamanin da." Ya yi dariya ya ce, "Ashiru, biro ba ya wankuwa. Ni ba zan rubuta sunan Allah da abin da ruwa ba zai iya ɗauke shi ba. Takarda ta gaji wata rana, sai a wanke, sunan ya koma ruwa, ba wanda ya taka shi." Sannan ya ɗaga kurtun ya ce, "Kuma wagga, ba a sayar da irinta."

Ban ce ga abin da za ki yi ba. Na dai faɗi abin da kunnena ya ji. In da hali a amsa wa yarinyar nan, ta rame.

Allah ya ba ki ladan haƙuri, ya fitar da ke takaba lafiya.

Wassalam,
Malam Ashiru

Shagari, ranar Talata

Zuwa ga ta Bodinga,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ki je ki gaida mini Malam Ashiru, ki ce takardarsa ta iso kuma na gode, Allah ya saka da alheri.

Za ki ga rubutun nan ya yi fari-fari. Tawadar ta kusa ƙarewa, ruwa na ƙara mata. Yana daga cikin abin da ya sa na yi shiru. Duk sa'ad da na tsoma alƙalami sai in ji ƙasan kurtun, sai in fasa. Amma ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Na kwana na tashi ina tuna tawadar farko da na yi masa ina amarya, ta yi ruwa tsululu, ya rubuta da ita haka nan bai ce komai ba. Tana cikin buhun da aka ƙona. Na yi kukana na gama. Na yafe miki, kuma ma ba abin yafewa. Ke kaɗai aka bari da gara da manoma da kewar uba, ni ina ɗaki ina ba da umarni.

Wayar nan na sa ta a ƙwarya na rufe da faifai, ban ko kalle ta ba. Altine ce ta zo ta ce, "Ke Zuwaira, ƙwai ne da za ki rufe shi ya ƙyanƙyashe?" Ashe ita ta iya, da ita take karɓar kuɗin nono. Ta nuna mini yadda ake sa yatsa biyu a buɗe. Na yi alwala na zauna.

Ban san abin da zan ce miki ba. Harafi ɗaya ya cika tafin hannuna. Idona ya yi rauni, ko da takardar ce a gabana ba zan ga abin da na gani ba. Na ga inda tawada ta fara ƙare masa ya sake tsomawa. Na ga inda ya yi sauri, wataƙila mutane sun taru. A gefen wata na ga zanen babban yatsansa, da 'yar tsagar nan da lauje ya yi masa. Na sa nawa a kai. Gilashi ne, sanyi gare shi, ba ya wari. Amma shi ne. Aikin da kika yi ba na banza ba ne, kin ji na faɗa.

Maganar Malam Ashiru kuwa ta zauna mini. Shekara da shekaru na san ba ya son biro, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka don ya ba ni abin yi ne. Ashe tun farko ya shirya wa takardun nan hanyar tafiyarsu, ni ce nake son in tsare su.

Ki aiko mini da buhun. Kada ki ji tsoron gara, ba zai kwana a ɗaki ba. A tsakar gida za a sauke shi, kuma ba zai daɗe yana buhu ba. Ni na haɗa tawadar, ni zan wanke ta.

Ummaru kuma a nemo masa albarkarsa. Ban san yadda ake sa ta a waya ba, ke kika sani.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ce,
Zuwaira

Bodinga, ranar kasuwa

Inna,

Wa alaikumus salam. Na gode, na gode. Na ci abinci yau har Jamilu ya ce a ƙara tukunya.

Ga buhun nan, Jamilu zai kawo shi da kansa a bayan babur, na naɗe shi da leda saboda hadari. Sai da na rufe shago na ɗan zauna kafin in bari a ɗauka.

Albarkar Baba Ummaru ta samu. Na nemi takardar da Baba ya fi kyautata hannu, na yanko wurin da ya rubuta Allah ya sa albarka, na liƙa a ƙasan rasit. Yanzu duk wanda na tura wa, da hannun Baba yake zuwa masa. Wani mutumin Lambara ya kalli wayarsa ya cire hula. Baba Ummaru dai tasa ba ta nuna hoto, sai na nuna masa a tawa, na kuma faɗa masa da baki. Ya ce, "Amin. Muryar ba ta kai ta ubanki ba, amma auno." Ya tafi da irinsa.

In kin wanke, a zuba ruwan a gindin dogonyaro, Inna, ta wajen katanga inda yara ba sa bi. Zan so in san wurin.

'Yarki,
Bahijja

Shagari, ranar Alhamis

Assalamu alaikum.

Da biron ƙaninki nake rubuta wannan, kurtun ya bushe.

Na wanke su. A sabuwar ƙwarya, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai na karanta ta tukuna. Da ruwa ya taɓa ta sai rubutun ya saki, ba gardama, kamar dama jira yake. Farar takardar da ta rage na binne ta a gindin dogonyaro ta wajen katanga, na kewaye da duwatsu, za ki gani.

Ruwan ne ban zuba ba. Na ɗauki ƙwaryar zan kai, na duba, sai na ga gawayina ne da ƙarona suka dawo gida. Na aika ƙaninki ya tambayi Malam Ashiru, ya ce abu ne mai tsarki, ba laifi, kada dai a rubuta banza da shi. Na tace, na ɗora a kan garwashi kaɗan-kaɗan har ya kama jikinsa. Duk buhun nan bai cika kurtu ba. Na ɗiga a farce na karkata ga haske. Ta yi.

Ba zan yi wasiƙa da ita ba. Abu ɗaya na rubuta da ita, yana can ƙasan takardar nan, bayan sa hannuna. Ki ɗauki hotonsa ki sa a wayarki in kina so, amma takardar ki ajiye ta nesa da bango. Kuma kada ki je ki ce wa mutane na yi rashin kunya. Ba ni ba ce, babanki ne. Hannu kawai na ara masa.

Ranar da na fita takaba shagon zan fara zuwa. Ki tanadar mini wurin zama.

Allah ya raya ki, ya jiƙan Malam.

Innarki

Bahijja.